Kuɗin abincin direbobin manyan motoci a ƙarƙashin sabbin dokokin haraji: Matsayin masu lodi daga Jos

Direban tirela da ya yi lodin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu, ko na tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos, idan Legas ya nufa yana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gabansa. Zai gangara Hawan Kibo, ya ratsa Akwanga da Keffi da Abuja da Lokoja, kuma kafin ya sauke kaya, ya samu wani lodin, ya juyo gida, sau da yawa mako guda ya shuɗe. A tsawon waɗannan kwanaki shi da yaron motarsa suna cin abinci ne a wurin masu shayi da masu tuwo na bakin hanya. Kuɗin wannan abinci, wanda ake kira kuɗin hanya ko kuɗin abinci a tasha, yana da matsayi a dokar haraji, kuma matsayin ya sauya sau biyu cikin shekara 15.

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun 2023. Biyu daga cikinsu, wato Dokar Haraji ta Najeriya da Dokar Gudanar da Haraji, sun fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026. Sauran biyun sun kafa Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Najeriya, NRS, a madadin FIRS, da kuma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Kuɗaɗen Shiga, wadda ta gaji tsohuwar hukumar haɗin gwiwa ta haraji. Sabuwar dokar ta shafe tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ta 1993 da ta harajin kamfanoni da ta harajin VAT, ta tattara su a kundi guda.

Babu wani sashe a cikin wannan kundi da ya keɓe direbobin doguwar tafiya da wani adadi na kuɗin abinci a kowace rana. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka biya kuɗin, da wanda ya biya, da kuma shaidar da aka ajiye.

Yadda abin yake a da

Kafin gyaran da aka yi wa dokar 1993 a shekarar 2011, akwai jerin alawus-alawus da ba a cire musu haraji muddin ba su wuce wata iyaka ba. Alawus na abinci yana cikinsu, kuma iyakarsa Naira 5,000 ce a shekara. Na sufuri Naira 20,000, na hayar gida Naira 150,000. Ko a wancan zamani Naira 5,000 ba ta ciyar da direba tsawon shekara a kan hanya, amma dai dokar ta ambaci abinci da sunansa, kuma akawun kamfani yana da gurbin da zai rubuta shi.

Gyaran 2011 ya kawar da wannan jeri, ya kawo rangwame guda na bai-ɗaya: Naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na jimillar kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, sannan a ƙara da kashi 20 cikin 100 na jimillar. Daga nan duk alawus ɗin da aka zuba cikin albashi ya zama abin cire wa haraji, sai dai kashi ɗaya bisa biyar na kowace Naira yana tsira ta hanyar rangwamen. Matakan harajin a lokacin sun fara daga kashi 7 cikin 100 a kan Naira 300,000 na farko, suka tsaya a kashi 24 cikin 100 a kan abin da ya haura Naira miliyan 3.2.

Dokar 2025 ta soke wannan rangwame na bai-ɗaya. A madadinsa, Naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji ko kaɗan. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100, sai miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma Naira 70,000 a wata tun Yulin 2024, an yafe masa harajin gaba ɗaya. Abubuwan da aka yarda a cire kafin lissafi su ne gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki, da kuma kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da ya biya a shekara, wanda ba zai wuce Naira 500,000 ba. Abinci ba ya cikin wannan jeri.

Direba mai karɓar albashi

Yawancin direbobin da ke ɗaukar kaya daga masana'antun Jos da Bukuru, da direbobin tankokin mai, ma'aikata ne a ƙarƙashin kamfani ko wani mai mota. A wurinsu tambayar ita ce ko kuɗin abincin da aka ba su albashi ne a idon doka. Tsohuwar doka da sabuwa sun yi tarayya a kan ƙa'ida guda: duk albashi da alawus da lada da kyauta da ma'aikaci ya samu saboda aikinsa ana cire musu haraji, ban da kuɗin da aka ba shi domin biyan abin da ya kashe wajen gudanar da aikin, wanda ba a yi nufin ya ci riba a kansa ba.

Saboda haka akwai bambanci babba tsakanin kamfanin da ke ƙara wa direba wani adadi a albashin kowane wata da sunan abinci, ko ya yi tafiya ko bai yi ba, da kamfanin da ke ba shi kuɗin hanya a kan kowace tafiya gwargwadon kwanakinta. Na farko alawus ne, kuma yana shiga lissafin harajin da ake cirewa daga albashi. Na biyu yana da hujjar zama mayar da kuɗin aiki, in har an rubuta ranar tashi da ranar dawowa da inda aka je, kuma adadin bai zarce abin da hankali zai ɗauka ba.

Ana iya ganin nauyin wannan bambanci da misali na lissafi. A ɗauka wani direba mazaunin Jos yana karɓar Naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, kuma abincin hanya yana cin Naira 60,000 a wata. Idan an biya kuɗin abincin a matsayin mayar da kuɗin aiki, harajinsa kashi 15 cikin 100 ne na Naira miliyan 1, wato Naira 150,000. Idan kuwa an haɗe shi da albashi, jimillar ta koma miliyan 2.52, harajin ya zama Naira 258,000. Tazarar Naira 108,000 ce a shekara, a kan kuɗin da ya riga ya ƙare a cikin kwanon shinkafa a Lokoja. An bar fansho da hayar gida a waje domin sauƙin lissafi.

Da an yi wannan lissafi da tsohuwar doka, da harajin ya kasance Naira 155,600 a hali na farko da Naira 269,360 a hali na biyu. Ke nan ga direba mai irin wannan albashi sabuwar dokar ta ɗan rage nauyi ta kowane ɓangare, duk da soke rangwamen kashi 20. Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙasan tsani. Direba ko yaron mota da ke kan Naira 70,000 daidai ba ya biyan komai. Da zarar an ɗora masa Naira 40,000 na abinci a cikin takardar albashi, jimillarsa ta zama miliyan 1.32, ya fita daga sahun waɗanda aka yafe wa, kuma harajin Naira 78,000 ya hau kansa. Layi ɗaya a takardar akawu ne ya jawo hakan.

Akwai wata ƙofa ta uku. Dokar ta ce abincin da mai aiki ya tanada a kantin cin abinci na ma'aikata baki ɗaya, ko ta hanyar takardar karɓar abinci, ba a lissafa shi a matsayin amfanin da ma'aikaci ya samu. Haka ma kayan sawa na aiki da kayan kariya. Wannan tanadi ya dace da ma'aikacin masana'anta da ke fita hutun rana ya ci a harabar kamfani, amma direban da ke Tafa ko Mararrabar Jos a jihar Kaduna da tsakar dare ba shi da kantin kamfani kusa da shi, kuma mai shayi ba ya karɓar takarda. Kamfanin da motocinsa ke bin hanya guda koyaushe zai iya ƙulla yarjejeniya da wasu gidajen abinci a wuraren da direbobinsa suka saba yada zango, ya riƙa biyansu kai tsaye. Ga ƙaramin mai mota wannan ya fi ƙarfinsa.

Mai mota da kamfanin sufuri

A ɓangaren wanda ya biya kuɗin, tambayar ta koma ko zai cire shi daga ribarsa kafin a lissafa haraji. Tsohuwar ƙa'ida tana da sharuɗɗa huɗu: a kashe kuɗin gaba ɗaya domin sana'ar, domin ita kaɗai, ya zama dole, kuma ya dace da hankali. Sharuɗɗa biyu na ƙarshe su suka fi haifar da jayayya da jami'an haraji, domin abin da jami'i a ofis yake gani ya wadatar a rana ba lallai ya yi daidai da farashin abinci a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa ba, inda mota kan yi kwanaki a layi. Dokar 2025 ta bar sharuɗɗa biyu na farko kawai. Wannan sassauci ne na gaske ga masu motoci, waɗanda da yawansu ke ƙarƙashin ƙungiyar NARTO.

Kuɗin da mai mota ya kashe wajen ciyar da direbansa da yaron mota a bakin aiki kuɗin ma'aikata ne, kamar albashi, kuma yana cikin abin da ake cirewa tare da man dizal da tayoyi da gyara da inshora. Tara ba ta cikinsu: abin da aka biya saboda keta doka, kamar lodin da ya wuce ƙima, ba a cire shi daga riba. Kuɗin da ke salwanta a shingayen hanya ba tare da rasit ba shi ma babu inda za a rubuta shi, ko da yake dokar jerin haraji da aka amince da su ta 1998 ta riga ta haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji.

Sabuwar dokar ta zo da wani sharaɗi da ya kamata akawun kamfanonin sufuri su lura da shi. Duk kuɗin da aka kashe a kan abin da ya kamata a ɗora masa harajin VAT amma ba a ɗora ba, ba za a yarda a cire shi ba. Harajin yana nan a kashi 7.5 cikin 100, kamar yadda yake tun Fabrairun 2020. Ɗanyen abinci na yau da kullum ba a ɗora masa komai, kuma ƙananan 'yan kasuwa irin masu sayar da abinci a tasha ba a wajabta musu karɓar harajin ba, don haka abincinsu bai shiga wannan tarko ba. Babban otal ko babban gidan abinci da ya ba da rasit babu harajin a kai shi ne abin dubawa.

Ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, haka kuma an yafe musu sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100. Sai dai ban da iyakar cinikin shekara, akwai sharaɗin cewa kadarorin kamfani kada su wuce Naira miliyan 250. A sana'ar da jarinta motoci ne, 'yan tireloli kaɗan sun isa su haura wannan iyaka, kamfanin ya koma biyan kashi 30 cikin 100. A irin wannan matsayi kowace Naira 100 ta kuɗin abinci da aka kasa kawo shaidarta tana jawo Naira 30 na harajin riba, ban da na raya ƙasa.

Direban da motar tasa ce

Wannan rukuni shi ne mafi sarƙaƙiya, kuma yana da yawa a tsakanin masu jigilar kayan gwari da dabbobi daga Filato. Mutum ne da ya mallaki motarsa, yana tuƙa ta da kansa, ba shi da kamfani mai rajista. Ana lissafa harajinsa a kan ribar sana'a bisa matakan da aka ambata a sama. Abincin yaron motarsa kuɗin ma'aikaci ne. Nasa abincin kuwa yana karo da wani tanadi da ya daɗe a dokokin Najeriya kuma ya tsallako cikin sabuwar: ba a cire kuɗin hidimar gida ko ta ƙashin kai.

Hujjar jami'in haraji a nan ita ce mutum zai ci abinci ko yana Gangare ko yana Fatakwal. Kalmomin sharaɗin an gaje su ne daga dokar Ingila, inda wata kotu a 1975, a shari'ar Caillebotte da Quinn, ta hana wani kafinta mai zaman kansa cire ƙarin kuɗin abincin rana da yake kashewa a wurin aiki, bisa dalilin cewa yana ci ne domin ya rayu, ba domin aikin kaɗai ba. Daga baya Ingila ta shigar da sassauci a dokarta ga masu sana'ar yawo daga wuri zuwa wuri, wanda ya shafi direbobin doguwar tafiya. Dokar Najeriya ba ta ɗauke da irin wannan sassauci a rubuce. Hujjar direba, cewa kwana shida a hanya na tilasta masa kashe abin da ba zai kashe a gidansa ba, tana da ƙarfi a hankalce, amma ya rage gare shi ya gamsar da hukuma da rubutacciyar shaida.

Wanda ba ya ajiye lissafi kwata-kwata yana faɗawa ƙarƙashin harajin ƙiyasi, inda hukuma ke ƙaddara abin da zai biya ba tare da bin kuɗin da ya kashe ɗaya bayan ɗaya ba. A can batun cire kuɗin abinci bai ma taso ba. Ga mai mota ɗaya wannan na iya zama mafi sauƙi, amma a shekarar da injin ya buga ko kaya suka ruɓe a hanya, ƙiyasi ba ya sanin asara.

Yadda wasu ƙasashe suka warware

A Amurka an yarda direbobin da ke ƙarƙashin dokar sa'o'in tuƙi su cire kashi 80 cikin 100 na kuɗin abincin tafiya, alhali sauran 'yan kasuwa kashi 50 suke samu, kuma hukumar haraji tana fitar da adadi na rana, wanda ya koma dala 80 daga Oktoban 2024. Dokar haraji ta 2017 ta janye wannan dama daga direbobi masu albashi tun daga 2018, ta bar ta ga masu motar kansu, abin da ya sa kamfanoni da dama suka koma biyan kuɗin rana dabam da albashi. Kanada tana ba da kashi 80 ga direban da ya yi aƙalla sa'a 24 a waje kuma ya yi nisan kilomita 160 daga tasharsa, kuma tana karɓar lissafin dala 23 a kowane cin abinci ba tare da rasit ba, muddin akwai littafin tafiye-tafiye. A Jamus akwai Yuro 28 na cikakken yini, da ƙarin Yuro 9 ga wanda ya kwana a cikin motarsa.

Abin da waɗannan tsare-tsare suka gane shi ne abincin hanya ba ya zuwa da rasit, don haka suka ɗora shaida a kan kwanakin tafiya. Irin wannan adadi na rana, da hukumomin haraji na jihohi da ƙungiyoyin NARTO da NURTW da RTEAN da reshen direbobin tanka na NUPENG za su daidaita a kansa, zai fi amfanar direban Najeriya fiye da takwaransa na Turai, domin a nan ne rasit ya fi wuya.

Ga wa ake biya, kuma yaushe

Harajin mutum ɗaya yana zuwa ne ga jihar da yake zaune. Direban da iyalinsa ke Jos yana ƙarƙashin Hukumar Tara Haraji ta Jihar Filato, ko da rabin shekararsa ya yi ta tsakanin Onitsha da Maiduguri. Harajin kamfani mai rajista da harajin VAT na hukumar NRS ne. Mai aiki yana miƙa abin da ya cire daga albashi zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, ya gabatar da bayanin shekara na ma'aikatansa zuwa 31 ga Janairu. Mutum mai zaman kansa yana da har zuwa 31 ga Maris. Rashin gabatar da bayanin yana jawo tarar Naira 100,000 a watan farko da Naira 50,000 a kowane wata bayansa, adadin da ya zarce harajin shekara na direbobi da yawa.

Shaidar da ta fi sauƙin samu ga direba ita ce wadda sana'ar ta riga ta tanada: takardar lodi mai ɗauke da kwanan wata, da takardar sauke kaya, da saƙon banki ko na POS idan da shi aka biya mai abinci, da ɗan littafi da ake rubuta ranar tashi da zango da abin da aka kashe. Ana buƙatar a ajiye irin waɗannan takardu tsawon shekara 6. Ga mai mota, ya kamata kuɗin hanya ya fita a takarda dabam da albashi, a raba na mai da na abinci da na kuɗin tasha, direba ya sa hannu, abin da ya rage kuma a dawo da shi ko a rubuta shi a matsayin lada.

Wanda hukuma ta ƙi amincewa da kuɗin abincin da ya cire yana da kwana 30 daga ranar da takardar ƙiyasin haraji ta iso masa ya rubuta ƙin amincewa. Idan ba a daidaita ba, sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na shiyyar Arewa ta Tsakiya ke zama a Jos. Dokokin 2025 sun kuma kafa ofishin mai sauraron koke-koken haraji, wanda ke karɓar ƙorafi a kan yadda jami'ai suka tafiyar da mai biyan haraji ba tare da an biya kuɗin shigar da ƙara ba.